Amsoshin Tambayoyinku: Tamfilet na Kyauta da na Bayan Fage

Wata ƙanwa daga Zariya da ta gama bautar ƙasa ta rubuto: "Yaya, an ce in ban sayi tamfilet mai tsada na tsara CV ba, ko dubawa ba za a yi ba. Ga shi hannuna ba nauyi."

Kwantar da hankalinki, ƙanwata. Tamfilet tanda ce: an riga an fafe gurabe, ke ƙullunki kawai za ki zuba. Wurin suna, wurin makaranta, wurin aikin da kika taɓa yi, duk an ware. Microsoft Word da Google Docs suna da su kyauta, kuma marar kwalliya ya fi. Sai dai ki lura, yawancin waɗanda aka tsara a Amurka girman takardarsu Letter ne, mu kuwa A4 ake bugawa a shago, wadda ta fi tsawo kaɗan, ta fi siranta. Ki canja kafin ki kai bugu, kada gefe ya yanke. Sannan ki gwada rubuta Ɗanbatta ko Ƙaura. In ƙ da ɗ sun fito akwati-akwati ko sun bambanta da sauran baƙaƙen, salon rubutun bai san Hausa ba, koma Arial ko Times New Roman. Ki ajiye shi PDF. Allah Ya ba da sa'a.

Mai shagon kayan gini a Katsina: "Kullum sai na sake tsara rasit daga farko."

Alhaji, tsara shi sau ɗaya a Excel, ka ajiye da ƙarshen suna .xltx. Duk lokacin da ka danna shi sabon kwafi ne zai buɗe, na asalin na nan lafiya. A Word kuma .dotx ake cewa.

Wani ango, kan Canva, manhajar tsara kati da hotuna: "In na biya kuɗin Canva, shi zai rubuta min sunayen dangi a katin biki?"

Ango, tanda ba ta kwaɓa ƙullu. Zauna da gwaggonka ta lissafo maka.

Sai wani matashi a Kano mai sayar da turare, yana son buɗe shafi da WordPress, manhajar gina shafukan intanet: "Wani a WhatsApp zai ba ni tamfilet 500 a kan naira 3,000. In saya?"

Kada ka kuskura. Wannan tambaya ta ishe ni, wallahi. Tamfilet ɗaya a kasuwa irin ThemeForest yakan kai dala 50 ko 60, kai kuma an ce maka 500 a naira dubu uku kacal, amma zuciyarka ba ta ɗarsa komai? Araha ba ta ado. Na katin biki hoto ne da rubutu, amma na WordPress manhaja ce da ke gudana a cikin shafinka. Wanda ya fasa makullinta ya raba, yana iya cusa tasa ƙofar ta baya. Na taɓa gyara shafin wata makaranta da aka gina da irin wannan: daga kwamfutar shugaban komai lafiya, amma iyaye in sun shigo ta Google sai a wuce da su shafin caca. Kwana uku muna tonon fayiloli, ƙarshe rushewa muka yi muka sake gini, kuɗin gyara ya ninka na tamfilet ɗin gaskiya.

Ko da ba a cusa komai ba, ba za ka samu sabuntawa ba. WordPress na sauyawa, masu tamfilet na toshe ɓaraka, naka yana nan a buɗe, ga lambobin wayar kwastomominka a ciki. Ranar da ya lalace, mai WhatsApp ya canja layi.

In ba kuɗi yanzu, shiga rumbun WordPress.org, akwai dubbai na kyauta da ake dubawa kafin a saka. Ko wanda ake kira Twenty Twenty-Four ya ishe ka jera turare. Dubu ukun nan ka sayi data, ka ɗauki hotunan kwalabanka da hasken safe.