Madabod mai tsada: ina kuɗin ke tafiya, kuma wa ya kamata ya saya?

Saƙonnin wannan makon kusan duk na masu haɗa kwamfutar gem ne, kuma duk a kan madabod suka tsaya, wato babban allon da ake jona sauran kayan kwamfuta a jikinsa. Na zaɓi huɗu.

Daga Kano: "Assalamu alaikum Malam. Na daɗe ina tari don in haɗa kwamfuta da furosesa Ryzen 7 9800X3D. Mai shago ya ce lallai in ɗauki ASUS ROG Crosshair X870E Hero, wai babban furosesa ba ya zama a kan ƙaramin bod. Idan na bi maganarsa, sai na haƙura da katin girafik RTX 5080 na koma RTX 5070. Me ka gani?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kada ka yi wannan musayar. Riƙe 5080 ɗinka, ka sauko da bod ɗin.

Santsin da kake nema a gem, wato yawan hotunan da ke fita a daƙiƙa ɗaya, daga katin girafik (mai zana hotunan) da furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) yake zuwa, sai RAM (ma'ajiyar wucin gadi ta aikin da ake kai) ta biyo baya. Aikin madabod shi ne ya ba su wuta, ya haɗa su da juna. Ka ɗora 9800X3D a kan bod mai kyau na matsakaicin aji, wato B850, ka ɗora wani a kan Hero, ka kunna gem ɗaya, idonka ba zai raba su ba. Amma tsakanin 5070 da 5080, tun a mintin farko za ka san ba ɗaya ba ne. Farashin da kamfanoni suka sa musu ranar fitowa ma ya isa hujja: 5070 dala 549, 5080 dala 999, shi kuwa Hero wajen dala 700, alhali akwai bod na B650 da B850 masu inganci a kusan dala 200 zuwa 250. Kusan abin da za ka ƙara a bod shi ne abin da za ka rage a kati. Sirdin azurfa ne za ka saya, ka dawo kana neman doki mai araha.

Maganar mai shago tana da tushe, sai dai ba a nan ba. A gefen soket, wato mazaunin furosesa a jikin bod, akwai wani sashe da ake kira VRM, shi ke tace wuta ya miƙa wa furosesa daidai gwargwado. Idan wannan sashen ya yi rauni, yana zafi, furosesa ya rage gudu. To amma 9800X3D ba mai cin wuta ba ne: watt 120 aka rubuta masa, kuma a cikin gem bai cika kaiwa nan ba. Bod irin MSI MAG B850 Tomahawk, ko Gigabyte B850 Aorus Elite, ko ASUS TUF, suna ɗaukar Ryzen 9 9950X mai watt 170 ba tare da sun yi nishi ba, balle naka.

To me X870E, ajin da Hero ke ciki, ke sayarwa? Ƙofofi. Cifset ɗinsa, wato abin da ke kula da ramukan bod, cif biyu gare shi maimakon ɗaya, don haka ramukan USB da na SSD (ma'ajiyar fayiloli) sun fi yawa. AMD, kamfanin da ke ƙera Ryzen, ta wajabta USB4 mai gudun gigabit 40 a kan X870 da X870E. Manyan cikinsu na zuwa da ɗan allon lamba da ke nuna inda matsala take idan kwamfuta ta ƙi tashi, da maɓallin kunnawa a jikin bod, da ramin waya na intanet mai gigabit 5 ko 10. Mai gyaran bidiyo da ke jigilar manyan fayiloli, ko mai SSD huɗu ko biyar, kuɗinsa bai faɗi ba. Kai fa? Ɗauki takarda ka rubuta duk abin da za ka jona a baya: linzami, madannai, abin kunne, abin riƙe gem, wataƙila makirfo. Idan ba ka iya kiran sunan rami ɗaya da Hero ke da shi wanda Tomahawk ba ya da shi kuma kana buƙatarsa ba, ka samu amsarka.

Akwai ma wani tarko da 'yan kasuwa ba sa faɗa. Furosesa irin naka, mai zama a soket AM5 na AMD, layukan PCIe 28 gare shi, wato hanyoyin da bayanai ke bi tsakaninsa da sauran kaya: 16 na katin girafik, 4 na cifset, saura 8. A bod na X870 galibi USB4 kan cinye 4 daga cikinsu. Shi ya sa a kan wasu manyan bod, da ka cusa SSD a wani rami, sai layin katin girafik ya sauka daga 16 zuwa 8. Asarar ba ta da yawa, amma abin haushi ne ka biya dala 700 ka tarar da haka. Littafin bayanin kowane bod yana shafin kamfaninsa kyauta, ka buɗe shi kafin ka biya, ka duba wane rami ne ke raba layi da wane.

Daga Zariya: "Ina da RAM DDR4 gigabait 32 daga tsohuwar kwamfutata. An yi min tayin bod Z790 na hannu da Core i9-14900K a farashi mai sauƙi. In ɗauka?"

Za ka iya, amma da ido a buɗe. Abu na farko, Z790 iri biyu ne, akwai mai cin DDR4 akwai mai cin DDR5, kuma ba sa shiga ramin juna. Yawancin manyan DDR5 ne. Duba abin da aka rubuta a jikin bod ɗin, kada ka tsaya a kan "ai duk ɗaya ne" na mai sayarwa.

Na biyu, soket ɗin LGA1700, wanda Z790 da 14900K na Intel ke amfani da shi, ya zo ƙarshen hanyarsa. Tun Oktoban 2024 Intel ta koma LGA1851 da Z890. AMD kuwa ta fito da AM5 a 2022, ta kuma yi alkawarin ci gaba da shi har 2027 ko fiye. Mai son ya sauya furosesa nan gaba ya bar bod a inda yake, AM5 ya fi masa.

Na uku shi ya fi damuna. A 2024 Intel ta amsa cewa furosesanta na zubi na 13 da na 14, zubin da 14900K ke ciki, suna neman wutar da ta wuce kima, abin da ke lalata su a hankali. Ta fitar da gyara ta BIOS (manhajar da ke cikin bod, mai tayar da kwamfuta), mai lamba 0x12B, ta ƙara shekara biyu a garanti. Gyaran yana hana lalacewa ne, ba ya warkar da wanda ya riga ya taɓu. Ka sa a kunna maka shi a gabanka, a buɗe gem mai nauyi a bar shi ya daɗe. In ya rufe kansa ko allo ya koma shuɗi, ka yi sallama. Sannan a ɗaga furosesan, ka haska fitilar waya a karkace cikin soket. Ɗaruruwan 'yan allurai ne a jere, duk suna ƙyalli iri ɗaya. Wadda ta lanƙwashe za ka ga haskenta ya bambanta da na sauran, kamar ɗigo. Ko ɗaya ka gani, bar musu kayansu.

Daga Abuja: "Malam, ɗana ne ya dame ni, ƙanena kuma zai taho da kayan daga Amurka. Yaron ya rubuto MSI MEG X870E Godlike da sandunan RAM huɗu. Ni ban san komai a kai ba."

Hajiya, Allah ya raya shi, amma yaron ya zaɓo daga saman kanti ne. Wannan bod ɗin ya haura dala 1,000, kuma faɗinsa ya fi na ATX, girman bod da aka saba, mai milimita 305 da 244, don haka ba kowane akwatin kwamfuta yake shiga ba. Ki ce ya zaɓi X870 ko B850 mai girman ATX.

RAM kuma sanda biyu, kada ya yi huɗu. A kan AM5, sanda huɗu na tilasta wa DDR5 rage gudu, wani lokaci kwamfutar ta yi ta gardamar tashi. Biyu masu gigabait 16 ko 32 kowace, DDR5-6000, masu alamar EXPO (saitin gudun RAM na AMD), sun wadatar. Ki kuma roƙi ƙanen naki a gwada bod ɗin tun a can, domin mayar da kaya daga nan zuwa Amurka don garanti wahalarsa ta fi ƙarfin kayan.

Daga Sakkwato: "Bod mai tsada zai fi jure matsalar wutarmu da zafi?"

Zafi, e, da ɗan dama. Manyan ƙarafan sanyaya da ke kan VRM da SSD suna da amfani a garin da ake haura digiri 40 a Afrilu, musamman ɗakin da ba na'urar sanyaya. Amma bod na tsakiya masu kyau ma suna da su, kuma akwati mai raga a gaba da fanka uku ya fi taimako. Ƙurar hunturu ita ce babbar abokiyar gaba: tana toshe raga, ta kwanta a kan fanka. Ka riƙa cire ragar kana kakkaɓewa, ka ɗaga akwatin daga ƙasa.

Wuta kuwa, a'a. Idan NEPA ta kawo ta da ƙarfi, ko janareta ya yi tsalle lokacin sauyawa, bod na dala 1,000 da na dala 200 ƙonewa ɗaya suke yi. Kariyar tana wajen fawa saflai (mai raba wuta a cikin kwamfuta) na kamfanin da aka sani, da UPS (na'urar batir mai riƙe wuta) mai daidaita wuta wanda ƙarfinsa ya ɗara abin da kwamfutar ke ja. RTX 5090 shi kaɗai watt 575 ne, ƙaramin UPS na ofis ba zai riƙe shi ba.

Abu ɗaya da zan ce ka nace a kai a jikin bod shi ne maɓallin sabunta BIOS ta filashi, wanda ke aiki ko babu furosesa. ASUS na kiransa BIOS Flashback, Gigabyte Q-Flash Plus, MSI kuma Flash BIOS Button. Ranar da aka ɗauke wuta kana tsakiyar sabunta BIOS, sau da yawa shi ke dawo da bod ɗin: ka sa fayil ɗin a filashi, ka jona a ramin da aka yi wa alama a baya, ka danna, ka jira fitilar ta daina ƙiftawa. Yawancin bod na AM5 suna da shi, har masu araha, amma ka duba bayan naka da idonka kafin ka biya.