Tambaya da Amsa: Taga Ta Ƙi Bin Bango Mai Lanƙwasa

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni Bahaushe ne haifaffen Makka, ina aikin zanen gini a wani ofishin injiniyoyi a Jidda, kuma shekara biyu ke nan da muka bar manhajar zane ta AutoCAD muka koma ta Revit. An ba ni zanen gidan wani attajiri da yake son majalisin baƙinsa ya fito zagaye ta fuskar titi, da manyan tagogi uku da ƙofa mai baka a sama. Bangon ya lanƙwasu yadda nake so, radiyos ɗinsa, wato tazarar da ke tsakanin cibiyar da'ira da bangon, mita 4, kaurinsa santimita 20, amma da na sa taga mai faɗin mita 2.4 sai ta tsaya a miƙe, gefunanta biyu suka leƙo waje kamar kunnuwan tukunya. Shin akwai inda ake dannawa taga ta bi bango? Daga wani mai karatu, Jidda.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Babu wannan madannin, kuma ba kuskure ka yi ba. Tagogi da ƙofofin da suke zuwa tare da Revit, waɗanda ake kira famili, an ƙera su ne a kan miƙaƙƙen bango, saboda haka idan ka ɗora ɗaya a bango mai lanƙwasa sai ta huda shi a miƙe ta zauna a miƙe, ba ruwanta da inda bangon ya nufa.

Kafin mu shiga gyara, ya kamata a raba abu biyu da wasiƙarka ta haɗa. Akwai baka, wato lanƙwasar da ake gani idan an tsaya gaban gini, irin wadda maginanmu na gargajiya suke kira bakan gizo, wadda shahararren maginin nan Babban Gwani ya nuna gwanintarsa da ita a Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19. Wannan ba ta da wahala: ka buɗe famili, ka je fuskar gaba, ka mayar da layin saman huda ya zama baka, firam ya bi shi. Akwai kuma lanƙwasar da ba a ganinta sai an dubi gini daga sama, inda tagar da kanta take gantsarewa tare da bango. Wannan ita ce matsalarka, kuma lissafi ne yake warware ta kafin manhaja.

Ka ɗauki bangon a matsayin baka, tagar kuma tsirkiyarsa. Tazarar da ke tsakanin tsakiyar tsirkiya da bakan ita ce Larabawa masu lissafi suka kira sahm, wato kibiya, kuma ana kusantar ta ta hanyar ninka faɗin taga da kansa, a raba da radiyos sau takwas. A bangonka, taga mai faɗin mita 2.4 tana ba da kibiyar kusan santimita 18, alhali kaurin bangon gaba ɗaya santimita 20 ne. To ina firam zai ɓuya? Da faɗinta mita 1.2 ne, da kibiyar ba ta wuce santimita huɗu da rabi ba, abin da kaurin bango da filasta za su haɗiye ba tare da kowa ya lura ba. Idan kuwa ka raba mita 2.4 ɗin gida huɗu, kowane santimita 60, kibiyar takan sauka zuwa santimita ɗaya da 'yan kai. Ka lura cewa idan faɗi ya ninku biyu, kibiyar ninki huɗu take yi, shi ya sa manyan tagogi suke tona asirin bango mai lanƙwasa, ƙananan kuwa su rufa masa.

Shawarata ita ce ka raba tagar, kuma dalilina yana wajen masu alminiyum ne, ba a cikin kwamfuta ba. Gilashi mai lanƙwasa sai an gasa shi a zafin da ya kai wajen digiri 600 ya yi laushi ya kwanta a kan ma'aunin da aka ƙera masa musamman. A zafin Jidda ba za ka sa wa majalisi mai kwandishan gilashi falle ɗaya ba, sai mai ruɓi biyu, ke nan falle biyu za a lanƙwasa su dace da juna. Gilashin da aka ƙarfafa da wuta kuma ba ya yankuwa bayan an gama shi, don haka idan ya zo da kuskuren awo ya tashi aiki, haka nan ranar da yaro ya fasa ɗaya sai an sake yin oda an jira. Wannan magana ce da ya kamata mai gida ya ji tun yanzu, da farashin kowanne a gabansa, domin akwai masu kuɗin da za su ce a yi ko nawa ne, kuma haƙƙinsu ne.

Idan an tsaya a kan rabawa, hanya mafi sauƙi ita ce bangon gilashi, wanda masu manhajar suke kira katin wol. Ka zana shi a kan layin bangonka da radiyos ɗaya, ka kunna zaɓin da yake sa shi ya huda bangon da kansa, sannan ka sa layukan tsaye masu raba shi. Kada ka firgita idan da farko ya fito falle ɗaya a miƙe, domin haka yake yi har sai an raba shi. Kowane falle yana miƙe ne tsakanin layi da layi, wato daidai yadda za a ƙera shi a shago. Idan kuma mai gida ya nace sai gilashi mai lanƙwasa, akwai dabarar da aka daɗe ana yi: ka ƙirƙiri siririn bango wanda kayansa gilashi ne, ka musanya fallen da shi, shi kuwa zai bi lanƙwasar sumul. Aibin wannan hanya guda ne, amma babba ne ga mai aikin ofis: manhajar tana lissafa abin a cikin bangaye, ba zai fito a jadawalin tagogi ba, sai ka tuna ka shigar da shi ta wata hanyar kada ɗan kwangila ya yi farashi babu shi.

Hanyar da ta fi inganci, ga wanda zai riƙa samun irin wannan aiki, ita ce ya ƙera famili nasa. Sai ka goge hudar da ta zo da shi, domin Revit ba ya yarda a haɗa ta da ramin yanka, wato siffar da take gutsure bango a inda aka sa ta, a bango ɗaya, ka zana ramin yanka wanda gefunansa suka fuskanci cibiyar da'ira, ka ja firam a kan baka, ka mayar da radiyos abin da ake iya canzawa. Aikin yini guda ne, amma ka huta har abada. Ƙera tagar kai tsaye a cikin zanen gidan ma yana yiwuwa, sai dai kowace kwafi tana zaman kanta, fayil ya yi nauyi, gyara kuma sai an bi su ɗaya bayan ɗaya.

Duk wadda ka bi, ka rubuta a zane daga ina aka auna. Na taɓa tsayawa a wani gini inda aka kawo firam ya ƙi shiga, magini yana rantsuwa, mai alminiyum yana rantsuwa, kuma dukansu suna da gaskiya: ɗaya ya ja tef a miƙe daga gefe zuwa gefe, ɗaya ya kwantar da shi a jikin bango. A taga irin taka bambancin awon biyu ya kusa santimita huɗu. Haka kuma fuskar waje ta fi ta ciki faɗi idan gefunan huda suna kallon cibiya. Ka sa radiyos, da tsawon tsirkiya, da fuskar da ake nufi, duka uku.

Ƙofar ita ce na fi jiye maka. Baka a jikin bango mai lanƙwasa lanƙwasa biyu ne a lokaci guda, sama da gefe, kuma kafintocin da za su fitar da wannan firam da kyau ba su da yawa. Ka kaurara bangon a wurin ƙofar ya sami miƙaƙƙiyar fuska tasa, ta zama kamar ƙaramin soron shiga. Sannan ka gwada buɗe ƙyauren a zane, domin ƙyaure mai baka da aka kafa a tsakiyar kaurin bango yakan daki cikin bakan tun bai yi nisa da buɗuwa ba. Wata Juma'a da la'asar ka zaga Al-Balad, tsohon garin Jidda da UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2014, ka dubi ƙofofin gidajen da ke kewayen tsohon gidan tarihi na Baitu Nasif. Za ka ga da yawansu ƙyauren mai kusurwa huɗu ne, bakan kuwa yana samansa a kafe, an ƙawata shi da sassaƙa.

TAMBAYA: Malam, ni ɗaliba ce a Madina, ina koyon manhajar zane ta SketchUp. Duk bakan da na zana sai ya fito da kusurwoyi, kuma tagar da na liƙa a bango zagayayye ba ta huda shi. Daga wata mai karatu, Madina.

AMSA: Malama, SketchUp ba ya zana lanƙwasa ta gaskiya, gajerun layuka yake jerawa, 12 ga baka, 24 ga da'ira, idan ba a canza ba. Da zarar kin zana bakan, ki rubuta adadin da kike so tare da harafin s, misali 48s, kafin ki ja shi ya yi kauri, domin bayan nan ba ya karɓar canji. Kada ki wuce gona da iri a kan ƙananan abubuwa irin su marikin ƙofa, don kwamfutar za ta fara jan ƙafa.

Ita kuwa tagar da ake liƙawa fuska ɗaya tak take hudawa, bango zagayayye kuma fuskoki ne masu yawa a jere, ciki da waje. Ki ƙera dunƙule mai siffar hudar, ki soka shi ya ratsa bangon, ki ba da umarnin haɗa fuskoki domin layukan mahaɗa su fito, sannan ki goge dunƙulen da abin da ya rage a tsakiya. Idan aikinku zai kai ga aika awo wajen masu yanka da inji, ki fara leƙa manhajar Rhino, wadda take riƙe lanƙwasa da lissafinta na ainihi.