Gidan da ya tsage bayan an saye shi "a yadda aka gan shi"

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Da ranin da ya wuce na sayi sabon gida a wajen Danbare, a hannun irin masu ginawa su sayar. Ruwa na kankama bangon falo ya tsage tun daga linta har ƙasa, tayil ya ɗaɗɗago, silin ɗakin yara ya rufto. Da na je wa wanda ya sayar min sai ya nuna min inda takarda ta ce na saya a yadda na gan shi. Cikon kuɗinsa yana hannuna. Ya halatta in riƙe?

AMSA: Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Ɗan'uwa, kafin maganar kuɗi, ka kwashe yara daga wannan ɓangaren yau, kada ka jira a gama shari'a.

Haramcin algus ba ya buƙatar dogon bayani. Abin da ya juya hukuncin shi ne maganar da ka faɗa a tambayarka: shi ya gina. Wanda ya gaji gida ya sayar yana iya rantsewa bai san abin da ke ƙarƙashin fenti ba. Amma wanda ya sa aka buga bulo, ya san bulo nawa aka fitar daga buhun siminti, ya san kaurin rodin da aka sa a fila, ya san ko kududdufi aka cike aka ɗora harsashi tun ƙasa ba ta zauna ba, wannan da wuya ya ce bai sani ba.

Sai batun rubutun takarda. Malamai suna kiransa sayarwa bisa barranta daga aibi, wato mai sayarwa ya sharɗanta cewa babu ruwansa da duk aibin da aka gani daga baya. Hanafawa sun inganta shi, suna cewa haƙƙin mai saye ne kuma shi ya yafe da bakinsa. Dillalan gidaje a garin nan sun riƙe wannan magana kamar su suka ruwaito ta, alhali ba a kanta kotunanmu suke tafiya ba. A wurin Imam Malik wannan sharaɗi ba ya aiki a kan gida ko kaɗan. Inda ya yarda da shi, wato cinikin bayi a wancan zamani, sai da ya gindaya cewa mai sayarwa bai san aibin ba. A cikin Muwaɗɗa, Abdullahi ɗan Umar ya sayar da bawa dirhami 800 bisa barranta, mai saye ya kai ƙara gaban Sayyidina Usman cewa bawan yana da cutar da ba a faɗa masa ba. Sayyidina Usman bai ce ai ka riga ka yafe ba. Ya ce Ibn Umar ya rantse bai san cutar ba. Ibn Umar ya ƙi rantsuwa, ya karɓi bawansa. To in sharaɗin yana wanke mutum, rantsuwar ta mece ce? Kuma ta yaya za ka yafe abin da ba ka san girmansa ba? Ka ga fenti, ka ga tayil, ba ka ga harsashi ba. In kuwa tsagar ta fara tun yana riƙe da gidan ya shafe ta da fulasta, wannan yaudara ce tsagwaronta, babu mazhabar da ta halatta ta.

Sai dai kada ka yi saurin cewa a maido maka kuɗinka duka. Malikiyya sun raba aibin gida kashi uku. Ɗan ƙarami da ba ya rage daraja, ba komai a kansa. Matsakaici, kamar tsagar bangon da ba a tsoron gidan ya faɗi saboda ita, ba a warware ciniki, ana rage maka gwargwadon abin da ya rage wa gidan na daraja. Babba, wanda ake tsoron rushewa, kana da zaɓi ka mayar ka karɓi kuɗinka. Ni ba zan iya sanya tsagarka a ɗaya daga ciki ina zaune ba, kai ma ba za ka iya ba. Ka samo injiniyan gini mai rajista, wanda ba shi ya yi aikin ba, ya duba ya rubuta.

Cikon kuɗin, ka riƙe shi a matsayin amana har a tantance, ka sanar da shi gaban shaidu biyu cewa ba ka yarda da aibin ba. Ba naka ba ne ka kashe, kuma ba kai za ka yanke wa kanka diyya ba. In sulhu gaban mai unguwa ya gagara, kotun shari'ar Musulunci tana nan.

Abin da ya fi damuna shi ne ba ka faɗa min yaushe ka je masa ba. Shiru mai tsawo babu uzuri bayan ganin aibi alama ce ta yarda. Zama a cikin gidan ana tsakiyar rigima ba ya zubar da haƙƙinka, amma kiran birkila ya toshe tsagar yana iya zubar da shi, ya kuma binne hujjarka. Ka ɗauki hoto, ka bar bangon yadda yake. Kuma kada haushi ya kai ka ga yaɗa sunansa a Facebook tun ba a yi hukunci ba. Wanda ya zo neman shawararka zai sayi gida a wurinsa, shi kam wajibi ne ka gaya masa abin da ka gani.

Allah ne mafi sani.