Me Ke Tunzura Ƙwayar Cutar Da Ke Haddasa Maruru?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Ɗana mai shekara 14 yana fama da maruru, musamman da bazara. Wannan na warkewa, wani ya fito a hammata ko a cinya. An ɗebi mugunyar an auna a asibiti, aka ce ƙwayar cuta ce mai suna Staphylococcus aureus, kuma wai mutane da yawa na ɗauke da ita ba ta yi musu komai ba. To in haka ne, me ke tunzura ta a jikinsa? Daga wata uwa a Daura.

AMSA: Wa'alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba yaro lafiya. Abin da aka faɗa miki gaskiya ne, domin kusan mutum ɗaya cikin uku yana ɗauke da wannan ƙwaya, galibi a cikin hanci, kuma yana harkokinsa lafiya lau. Tun 1880 wani likitan tiyata a Sikotilan, Alexander Ogston, ya gan ta a cikin mugunya, amma sai bayan fiye da shekara ɗari aka gano dalilin da ya sa take kwanciya a wani wuri, ta tashi da ɓarna a wani.

Ƙwayoyin suna aika wa juna saƙo, kuma ta hanyar saƙon suke sanin yawansu. Kowace ɗaya tana fitar da wani ɗan ƙaramin sinadari zuwa wajen jikinta, sannan tana da wata kafa a bangonta da ke jin wannan sinadarin idan ya dawo gare ta. Idan ƙwayoyin kaɗan ne, ko kuma suna a sarari, sinadarin yakan watse bai kai ya taɓa kowa ba. Ki ɗauki misalin turaren wuta: a tsakar gida iska ce ke kwashe hayaƙinsa, amma a ɗakin da aka rufe nan da nan yake turnuƙewa. Kafar gashin da ta toshe, ko ƙaramin raunin da bakinsa ya rufe, su ne ɗakin. A nan ƙwayoyin ke hayayyafa, sinadarin ya taru, da zarar ya kai wani mizani sai ya kunna wani rukunin ƙwayoyin gado da masana ke kira agr, shi kuma ya ƙara yawan sinadarin da ake fitarwa, ta yadda cikin ɗan lokaci duk taron ke sauya hali tare. Richard Novick da abokan aikinsa a Jami'ar New York ta Amurka ne suka fayyace wannan tsari, musamman a binciken da suka wallafa a 1995 da 1997.

Kafin agr ya kunnu, ƙwayar ta fi mai da hankali ga manne wa fata da ɓoye kanta daga garkuwar jiki. Bayan ya kunnu, sai ta rage mannewa ta shiga fitar da dafi iri-iri, wani yana huda ƙwayoyin fata, wani yana narka nama domin ta sami hanyar bazuwa, wani kuma yana fasa fararen ƙwayoyin jini da suka zo yaƙar ta. Mugunyar da kike gani galibinta gawar waɗannan fararen ƙwayoyin jini ce haɗe da mataccen nama da ƙwayoyin cutar. Akwai wani dafi da ake kira PVL, wanda wasu masana biyu, Panton da Valentine, suka bayyana a 1932, da ake yawan dangantawa da maruru mai dawowa, kuma bincike ya nuna cewa nau'o'in da ke ɗauke da shi sun fi yawa a Afirka ta Yamma fiye da Turai.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne saƙon ba iri ɗaya ba ne. Staphylococcus aureus ta kasu gida huɗu ta fuskar wannan sinadari, kuma sinadarin wani gida yakan toshe kafar jin wani gidan. Haka nan wasu danginta marasa cutarwa da ke zaune a fatar kowa, irin su Staphylococcus epidermidis da Staphylococcus hominis, suna fitar da nasu sinadarin da ke hana ta jin 'yan'uwanta. Wannan ya sa masana ke neman maganin da zai toshe saƙon maimakon kashe ƙwayar. Sai dai har yanzu aikin yana matakin bincike, kuma akwai cikas, domin nau'o'in da agr ɗinsu ya mutu sukan fi yin dafifi su manne wa kayan da likitoci suka dasa a jikin mutum, su haddasa ciwon da ke daɗewa bai warke ba.

Game da ɗanki, gumi da ƙurajen zafi da susa su ne ke buɗe wa ƙwayar ƙofa da bazara, haka ma ƙazuwa da yankan reza wajen aski. Ya riƙa wanka da sabulu, a yanke masa farce, kada ya haɗa tawul ko soso ko reza da kowa, a wanke zanin gadonsa a shanya a rana. Idan maruru ya fito, a gasa shi da tsumma mai tsabta da ruwan ɗumi, kada a matse shi, balle wanda ke kusa da hanci ko leɓen sama. Wanda ya nuna ya tara mugunya, ma'aikacin lafiya ne zai tsaga shi ya fitar da ita, kuma sau da yawa wannan ya fi kowace ƙwayar magani amfani.

Ina roƙonki kada ki saya masa maganin kashe ƙwayoyin cuta a kemis ba tare da takardar likita ba, domin tun 1961 aka ga wani nau'in wannan ƙwaya da ake kira MRSA a Ingila, wanda ba ya jin magunguna da dama, kuma shan magani barkatai ne ke ƙara masa yawa. Tunda abin yana dawowa, ki nemi a auna masa suga, a kuma duba ko yana ɗauke da ƙwayar a hanci, saboda akwai man shafawa na hanci da ruwan wanka na musamman da likita kan rubuta na 'yan kwanaki, wani lokaci har da sauran mutanen gida. Idan kuwa zazzaɓi ya biyo baya, ko kumburin yana faɗaɗa, ko yaron ya kasa taka ƙafa saboda ciwon ƙashi, a kai shi asibiti a ranar.