Idan an sayar da Nissan, ina makomar masu gyaranta?

Wa alaikumus salam ƙanina. Ka ce ka ji ana cewa Nissan ta shiga halin ha'ula'i har za a iya sayar da ita, ga shi warshar (garejin gyaran mota) da kake aiki a sana'iyyar Jidda, wato unguwar masu gyare-gyare, yawancin abin da ke shigo muku Sunny ne da Patrol da a-kori-kurar nan da Larabawa ke kira Datsun, shi ya sa kake tunanin ko ka fara neman wata hanyar abinci. Ni a ƙarƙashin mota na yi furfura a garin nan, kuma amsata ita ce ka kwantar da hankalinka a kan maganar sayarwar. Akwai abin da ya fi ta cancantar hana ka barci, zan zo kansa.

Matsalar dai gaskiya ce, ba hirar shayi ba. A ƙarshen 2024 Nissan ta zauna da Honda kan su haɗe, maganar ta watse a Fabrairun 2025, a watan Mayu kuma kamfanin Nissan da bakinsa ya ce zai rage ma'aikata 20,000, masana'antunsa 17 su koma 10. Kuma ba yau farau ba. A 1999 bashi ya kusa durƙusar da shi, Renault ta Faransa ta sayi kaso mai tsoka, aka turo Carlos Ghosn ya jagoranci gyaran kamfanin, ya rufe masana'antu, ayyuka wajen 21,000 suka tafi. Amma duba wanda wuƙar ta hau wuyansa: mai ƙera motar ne, da ƙananan kamfanonin da ke kai masa kujera da gilashi da waya. Patrol ɗin wancan zamanin kuwa har gobe tana shigowa warsha a canza mata birki.

Ka san Caprice, wadda a da ko'ina ka waiga a Jidda sai ka gan ta? Ta baya-bayan nan tambarin Chevrolet kawai gare ta, kamfanin Holden ne ke ƙera ta a Ostareliya, kuma ya daina ƙera mota a 2017. Crown Victoria da Grand Marquis tun 2011 Ford ta rufe babinsu. Mutanen can sun rasa aiki, Allah ya musanya musu. Mu nan aikin ma ƙaruwa ya yi, don mai motar da aka daina yi ba ya ƙara leƙa wakala, wato wurin wakilin kamfanin motar, wurinmu yake zuwa. Ka je tashlihi, inda ake kwance tsofaffin motoci ana sayar da kayansu, da safe ka gani: motoci an jibge su wata kan wata, yaro ya shige ƙarƙashi da sifana yana kwance giya, mai wurin ya ɗauko alli ya sa alama a jikinta don kada ka dawo masa da wata daban ka ce ita ce. Mutum nawa ke ci a nan, daga mai kwancewa zuwa mai ɗauka zuwa mai ɗaurawa? Duk a jikin motocin da masana'antunsu suka daɗe da rufewa.

Ga ma'aikatan can kuwa, abin dubawa shi ne wa ya saya, kuma me ya zo nema. Tata ta Indiya ta karɓi Jaguar da Land Rover a 2008, Geely ta Sin ta karɓi Volvo a 2010, dukkansu suka zuba kuɗi aka ci gaba da ƙira a inda ake yi. Saab kuwa ƙaramin kamfani ne ya saye ta a 2010, aljihunsa bai kai ba, ƙarshen 2011 ta rushe. Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne MG Rover. A 2005 ta faɗi, mutum kusan 6,000 a Longbridge ta Ingila suka wayi gari ba aiki, 'yan Sin suka sayi sunan da injinan. Yau ga MG ta cika titin Madina, sabuwa fil, amma daga Sin take zuwa.

Inda abin kan taɓa mu shi ne wajen kaya da farashi. Da zarar labari ya bazu, motar takan faɗi a haraj, wato kasuwar gwanjon motoci, mai saye ya riƙa yi maka wulaƙancin tayi. Idan kuma wakilci ya canza hannu, sai kayan bodi su yi wuya na ɗan lokaci. Na taɓa ajiye motar wani bawan Allah har ƙura ta rufe ta saboda fitilar gaba guda ɗaya, kullum sai ya kira, kullum sai in ce tana hanya. Don haka kada ka ci bashi ka tara ƙofofi da bamba wai za su yi tsada. Filta da birki da bel ba sa yankewa, masu yin su a duniya sun yi yawa. 'Yan'uwanmu da ke aiki a cikin wakala ko shagon kayan gyara su ne a bakin gaɓa, da ma tun 2018 zuwa 2019 aka ware yawancin aikin sayar da mota da kayanta ga 'yan ƙasa.

Abin da na ce ya fi cancantar hana ka barci shi ne motar kanta ta canza. Changan da Geely da Haval sun cika gari, su kuma ba a gane ciwonsu da kunne kamar yadda muka saba, sai an jona kwamfuta. Sunny ɗin da kake taƙama da ita ma, sabuwarta giyar CVT gare ta, wato giyar otomatik mai aiki da bel, kuma bakanike nawa ne a layinku zai iya buɗe ta ya mayar? Ga Lucid ta buɗe wurin harhaɗa motar lantarki kusa da Rabig tun 2023, motar da ba ta da man inji balle a yi mata juye. Idan da mai wayarin a warsharku, ka riƙa zama kusa da shi bayan la'asar ko da kyauta za ka kama masa aiki. Ka tara ka sayi ƙaramar na'urar duba mota taka ta kanka, ka fara gwaji da motocin Sin ɗin da maigidanka ke korarwa yana cewa ba layinsa ba ne.