Ba inda kake kwana suka tambaya ba

Ɗana, saƙonka ya iso. Na yi dariya har tari ya sarƙe ni, daga baya kuma jikina ya yi sanyi. Ka ce dangin yarinyar sun tambaye ka ɗan wace unguwa ne, ka ce Rijiyar Zaki, suka kalli juna, shi ne kake tambaya ko raini ne. Yo Rijiyar Zaki ai fili ne ubanka ya saya ya gina. Su gidanku na cikin ganuwar Kano suke nema.

Ka tuna min ranar da aka kai ni elementare. Mai unguwa ne ya tisa ƙeyarmu, kakarka tana kuka sai ka ce yaƙi za a kai ni. Aka jera mu a gindin darbejiya, kowa ya ɗora hannu ta saman kai ya taɓo kunne, wanda bai kai ba sai baɗi. Malam ya buɗe rajista ya kira Muhammadu, mu huɗu muka miƙe. Ya ce ɗan wa? Muka yi tsuru-tsuru, don a lokacin wa ya isa ya furta sunan ubansa a bainar jama'a? Ya ce to ku faɗi unguwa. Wannan Ayagi, wancan Alfindiki, na uku Soron Ɗinki, ni kuma na ce Zangon Barebari. Malam Bafillace ne. Ya ajiye alƙalami ya ce, "Ashe bawana aka kawo min." Har gida ina hawaye. Baba ya kyalkyale da dariya, ya ce wasan Barebari da Fulani ne, gobe in ce masa shi ne bawan.

Daren nan a zaure ya zayyana min garin. Ayagi fataken Yarabawa ne, Tudun Nufawa sunan ya faɗi kansa. Dandalin Turawa kuwa Larabawan Tarabulus da Gadamas ne, su ake kira Turawa tun kafin Nasara su ci Kano a 1903. Duk kasuwar Kurmi ce ta ja su, ita da ke nan tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. Sabon Gari na baya-bayan nan ne, sai da jirgin ƙasa ya iso a 1911. Baba yakan ce mutum yana ɓoye halinsa a kasuwa, amma ban da lungunsu. Ka duba ma Tanko Yakasai, ko Shagari da Tafawa Ɓalewa, duk sunan wuri suka ɗauka.

Ku yanzu kun shige bayan get, maƙwabcinka ma ba ka san sunansa ba. Laifinmu ne, mu da ba mu ja ku zumunci cikin gari ba, ga shi kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Ka zo ranar Juma'a bayan an sauko, in kai ka ka ga zauren. Kafin nan bincika min, mutanen nan Fulani ne? In su ne, in shirya bakina.