Tambayoyinku: Tattaki Nawa Ya Ishi Mutum a Wannan Zafin na Hijaz?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, ni 'yar uwarku ce daga Jidda, shekaruna 54. Likita yace suga na ya fara hawa kuma jiki yayi nauyi, yace in riƙa tattaki amma bai ce min na minti nawa ba, sai 'yata ta saka min wani abu a waya mai ƙirga taku tace lallai sai na cike 10,000 kullum. Na gwada kwana uku a kornish, wato hanyar bakin teku, rana ta huɗu ko sallah a zaune nayi saboda gwiwa. Don Allah nawa ne daidai?

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, sannu, Allah ya ƙara sauƙi ya ba ki lafiya mai amfani. Ki gaida min 'yar taki, alheri ta nufe ki da shi, amma dai gaskiya lodin da ta ɗora miki yayi yawa a farko.

Wannan 10,000 ɗin da kowa ke faɗa asalinsa daga Jafan ne, a shekarar 1965 wani kamfani ya fito da na'urar ƙirga taku ya sa mata suna manpo-kei, wato mai ƙirga taku dubu goma, sunan kayan sayarwa ne kawai ya bi duniya har mutane suka ɗauka doka ce ta likitoci. Taku 10,000 fa kusan kilomita 7 zuwa 8 ne, tafiyar awa ɗaya da rabi ko fiye, kinga mutumin da ya shekara da shekaru daga ɗaki sai mota daga mota sai ɗaki, rana ɗaya a ce ya tashi yayi wannan ai dole gwiwa tayi ƙara. Akwai binciken da masana na jami'ar Harvard suka fitar a 2019 a kan mata masu manyan shekaru, suka ga waɗanda ke yin taku wajen 4,400 a rana ma sun samu amfani babba akan masu yin 2,700, kuma amfanin yana ta ƙaruwa har wajen 7,500 daga nan ya daidaita. To kinga ba sai kin kai dubu goma ba kafin jikinki ya amfana.

Ni shawarar da nake ba kowa, a bar lissafin taku da kilomita tukuna, a kama agogo. Hukumar Lafiya ta Duniya cewa tayi babba ya samu minti 150 zuwa 300 a mako na motsa jiki matsakaici, in kika raba ƙaramin adadin gida biyar minti 30 kenan kwana biyar a mako. Minti 30 a tafiya ta hankali kilomita 2 ne zuwa 2 da rabi. In kina so ki gane nisan a ranki ki tuna Umra, sa'ayi tsakanin Safa da Marwa sau bakwai ɗin nan kusan kilomita 3 ne, to abin da ake nema a gurinki bai ma kai sa'ayi guda ba. Na tabbata kin sha yinsa.

Amma ke yanzu ko minti 30 ɗin kar ki fara da shi. Ki bari gwiwar ta huce, sannan ki fara da minti 10 zuwa 15, in an yi mako ki ƙara 5, haka haka har ki kai, ko wata biyu ya ɗauke ki babu wanda yake binki da bulala. Kuma ki duba agogo lokacin da kika fita, in minti 20 kika yi niyya to da an ci 10 ki juyo, wannan shi ne kuskuren da na fi gani a kornish, iska na kaɗawa ga teku ga hira ta yi daɗi mutum yayi ta miƙawa yana mantawa cewa duk takun da yayi gaba sai ya biya shi a dawowa, sai kaga baiwar Allah zaune a kan benci ta cire takalmi tana kiran ɗanta a waya ya zo da mota. Saurin da ya dace kuwa shi ne wanda kina iya hira da wadda kuke tare amma in akace ki ja ƙira'a numfashi ba zai bari ba. In har magana ma ta gagara to kin wuce gona da iri, rage.

Tunda maganar suga ce bari in ɗan tsaya a nan. 'Yar tafiyar minti 10 ko 15 bayan cin abinci tana taimakawa sosai wajen hana sugan yin tsalle, musamman mu da shinkafa ta zama mana abincin rana da dare, kabsa yau bukhari gobe ga tamis da safe. Ko a cikin gida ne ko a saman bene ki yi ta zagaye, duk lissafi ne. In an ɗora ki a kan allura ko maganin da ke saukar da suga kar ki fita ba dabino biyu uku a jaka, kuma ki tambayi likitanki lokacin da ya fi dacewa da ke. Silifas a ajiye shi, a nemi kambas mai taushin ƙasa da safa, in kin dawo ki duba ƙafarki har tsakanin yatsu, don mai suga ƙaramin ciwo a ƙafa ba abin wasa ba ne. Lokaci kuma a Jidda bayan asuba ne ko bayan isha'i, don wannan laimar da ake cewa ruɗuba tana hana gumi bushewa, jiki ya kasa sanyaya kansa. In bazara ta tsananta ki shiga cikin manyan mol ɗin nan ki yi zagayenki a cikin sanyi, mutane da yawa haka suke yi.

Abin nan yana damuna wallahi. Iyayenmu mata a gida ba su san wani abu wai shi motsa jiki ba amma ga rijiya ga kasuwa ga daka ga kai abinci gona, mu kuma nan ko ruwa ne sai a kira baƙala, wato kantin unguwa, a kawo har ƙofa, mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, na kunne dare da rana, shi yasa suga da hawan jini suka yi mana yawa. Ki jawo maƙwabciyarki ku riƙa fita tare Hajiya, ya fi ɗorewa.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Mu matasa ne mu shida a Makka, wajen Shara Mansur muke. Muna so ranar Juma'a da ba mu da dawam, wato aiki, mu hau Jabal Nur da safe, in mun sauko mu wuce Jabal Saur. Wasu sunce zai yiwu wasu sunce hauka ne. Awa nawa ya kamata mu ware?

AMSA: Barka kadai ƙanina. Ni dai ba zan ce hauka ba ne amma ban ba ku shawarar haɗa su rana ɗaya ba, ku raba su, kowanne da ranarsa.

Tafiyar dutse ba a auna ta da ma'aunin tafiyar kwalta. Masu hawan duwatsu suna da wani tsohon lissafi da wani ɗan ƙasar Sikotlan mai suna William Naismith ya kawo tun 1892, yace ka ware awa ɗaya ga kowane kilomita 5, sannan ka ƙara wata awa ɗaya ga kowane mita 600 da zaka hau sama. Kuma shi yana magana ne a kan mutum mai ƙarfi a ƙasar sanyi wanda ba ya tsayawa hutu, mu nan sai ka ƙara akai. Jabal Nur tsayinsa wajen mita 640 ne daga saman teku, in ka kalle shi daga ƙasa sai kace ai minti 20 ya isa, amma matakalar a miƙe take, yawancin mutane sai sun ci kusan awa ɗaya wasu ma fiye kafin su kai kogon Hira, ga layin shiga kogon, ga saukowa. Ku ware masa awa 3 gaba ɗaya. Saur kuma ya fi shi tsayi ya fi shi nisan hanya, shi kam ku ba shi awa 4 ko 5 ku huta.

Karon farko da na hau Nur ban manta ba, sai da hantsi ya ɗaga muka fara, robar ruwa ɗaya 'yar ƙarama a hannuna, kafin rabi ta ƙare. Hawan bai ban wahala kamar saukowa ba, cinyoyina rawa suke yi kamar mazari, duk matakala ɗaya sai na dafa dutse kuma dutsen ya ɗau zafi ba ya dafuwa, a gabana wani dattijo ya zauna ya kasa tashi sai da samari biyu suka riƙe shi har ƙasa. Tun ranar na gane cewa in ka kai sama rabin aiki kawai kayi, kuma a saukowa aka fi zamewa don ƙafa ta riga ta gaji. Saboda haka ku sa wa kanku lokacin juyowa tun kuna ƙasa, kuce ƙarfe kaza ko mun kai ko ba mu kai ba zamu sauko, kuma tafiyar ta zama da saurin wanda ya fi kowa rauni a cikinku, kar a bar kowa a baya wai zai taddo ku.

Ku fara da an idar da sallar asuba, ya zama kafin rana tayi ƙarfi kun sauko, dama ga Juma'a na jiranku. Kowa ya riƙe ruwa aƙalla lita 2, takalmi mai kama ƙasa, leda kuma a saka ta cikin jakar goyo don birran wajen suna fizge abin da suka gani a hannu. Watannin da suka fi dacewa Disamba zuwa Fabrairu. Da bazara kuwa ku haƙura kawai, kun dai san hukuma da kanta tana hana aiki a rana daga 12 zuwa 3 tun daga 15 ga Yuni har 15 ga Satumba, kuma kuna garin nan a Hajjin 2024 lokacin da zafi ya haura digiri 51 aka rasa alhazai sama da 1,300, Allah ya jiƙansu, da yawansu doguwar tafiya a rana ce ta kayar da su. In ɗayanku ya fara jiri ko amai ko yana magana ba kan gado, a kai shi inuwa a jiƙa shi da ruwa a kira 911 ko 997 nan take, kar a tsaya cewa bari ya huta ya ware.

Sannan ku sani hawan nan ba ya cikin ayyukan Hajji ko Umra, ziyarar tarihi ce da motsa jiki, babu laifi a kan wanda ya juyo daga rabi. In kuma doguwar tafiya kuke sha'awa ta awa 3 ko 4 a lokacin zafi ku hau mota ku tafi Ɗa'ifa, wajen Shafa ko Hada, garin yana sama da mita 1,800, iskar can daban ce.

TAMBAYA: Ni dattijo ne a Madina, shekara 68. Duk Asabar ina takawa daga Harami zuwa Ƙuba in dawo a ƙafa, sauran kwanaki kuma ina gida. Yarana sunce tayi min nisa. Ya kake gani?

AMSA: Baba Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, ya karɓi wannan ibada. Daga Masallacin Annabi (SAW) zuwa Ƙuba kilomita 3 ne da 'yan kai, yanzu ma an gyara hanyar masu ƙafa ga wuraren zama, zuwa kawai zai ci maka minti 45 zuwa awa ɗaya, zuwa da dawowa kuma ya haura kilomita 6. In kana dawowa ka ci abinci kayi harkokinka washegari ka tashi garau to bata yi maka nisa ba. In kuwa Lahadi a kwance kake wuni to yaran sun fi ka gaskiya Baba, ka tafi a ƙafa su ɗauko ka a mota. Ai hadisin Ibn Umar da ke Bukhari da Muslim cewa yayi Manzon Allah (SAW) yana zuwa Ƙuba duk Asabar, a ƙafa da kuma a kan abin hawa, duka biyun sunna ne.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne kwana shidan nan da kake zaune. Jiki ya fi son kaɗan kullum akan mai yawa sau ɗaya. Ka tuna Banu Salima da suka so su taso su dawo kusa da masallaci Annabi (SAW) yace su zauna a gidajensu ana rubuta musu takunsu. To ka zaɓi sallar asuba da isha'i ka riƙa takawa zuwa masallacin da ke da nisan minti 10 daga gida, zuwa da dawowa sau biyu minti 40 kenan a rana, ka riƙe sandarka, kuma ranar Asabar ɗin ka sa ɗaya daga cikin jikoki ya raka ka da gorar ruwa.